Goma Sha Huɗu Cikin Ɗari

Tun daga ƙofar gida Yusufu ya ji ƙarnin jini. Shekara shida ke nan yana aikin awon jini a asibiti, amma bai taɓa jin ƙarni irin na safiyar nan ba.

Ya jingine kekensa a jikin katangar Malam Mudi, laka har gwiwar wandonsa. Daga Malumfashi ya tuƙo shi zuwa Dayi cikin yayyafi, saboda wata mai sayar da daddawa ta gaya masa cewa Lauratu ta faɗi a bakin rijiya da tulu a ka.

Ba shi da izinin taka gidan nan. Wata huɗu ke nan da Malam Mudi ya aika masa cewa kada ya ƙara zuwa zance wurin 'yarsa. Ba a kama shi da sata ba, ba a gan shi a gidan giya ba. Laifinsa ɗaya, ubansa Baƙo Bamaguje ne, yana can ƙauye yana noman dawarsa, yana yanka wa iskokin gidansu jan zakara. Shi Yusufu ya musulunta tun yana ɗan makaranta, sallar asuba ba ta wuce shi a masallaci, amma a bakin Gwaggo Kulu, yayar Malam Mudi, har gobe sunansa ɗan arna.

Lauratu kuwa ba yarinya ba ce da za a ce ba ta san abin da take so ba. Bazawara ce mai shekara ashirin da huɗu, mijinta ya rasu bara waccan, kuma da bakinta ta faɗa a tsakar gida cewa Yusufu take so.

Ya yi sallama sau biyu ba a amsa ba. Da ya ji nishi daga zaure na biyu, sai ya kutsa kai.

Lauratu tana zaune a kan 'yar kujera, kanta a sunkuye, zane ɗaure a ƙirji. Ƙaho shida ne a kafe a kafaɗunta da gadon bayanta. Jibo wanzami yana tsugune a bayanta, ƙato mai kaurin wuya, wanda Gwaggo Kulu ta ƙwallafa rai sai shi za a ba Lauratu, don kawai ɗan Sarkin Aska ne kuma yana da shanun huɗa.

Jibo ya kafa baki a tsinin ƙaho ya zuƙa har kumatunsa suka lotsa. Da ya ɗago, jini ya biyo gefen bakinsa. Bai tofar ba. Ya sa harshe ya lashe, ya haɗiye tare da goron da yake taunawa, sannan ya toshe ramin ƙahon.

A gefensa akwai tsohuwar sakaina cike da gudajin jini, ƙudaje sun yi mata baƙi. Askarsa tana kan wani tsumma da ba a san launinsa na asali ba, wanda da shi yake goge aska, da shi yake goge bayan Lauratu, da shi kuma yake share gumin goshinsa.

Yusufu ya kawar da kai.

Gwaggo Kulu, wadda take zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, ta ajiye mazarinta. "Kai kuma wa ya kira ka? Haka ake yi a gidan arna, a faɗo wa mata ba sallama?"

"Na yi sallama, Gwaggo. Sau nawa aka yi mata wannan abin?"

Jibo ne ya amsa, yana murmushi da jajayen haƙora. "Yau na huɗu." Ya tura sakainar da ƙafa. "Duba da idonka, malamin asibiti. Mataccen jini ne, baƙi ƙirin. Shi ne yake kayar da ita. In na gama kwashe shi za ka ga ta miƙe."

"Kowane jini ka zuƙo ka bari a sakaina haka zai koma, har naka," in ji Yusufu. Ya juya wurin tsohuwar. "Gwaggo, sati uku da suka wuce da kanki kika kai ta asibiti. Na auna jininta a gabanki, ashirin da biyu cikin ɗari, alhali mace mai lafiya tana kai arba'in. Likita ya ce tsutsar ciki ce take shanye mata jini. Ina ƙwayoyin da aka ba ta?"

Gwaggo ta ja tsaki. "Waɗanda suka mayar mata da bayan gida baƙi kamar gawayi? Suna masai."

"Ai haka maganin ƙarin jini yake yi. Na gaya miki tun a can."

"Ka dai gaya wa kanka. Tun ranar da ka tsotse mata jini a tsinken gilashi ta ƙara lalacewa. Allah kaɗai ya san wurin bokan da ka kai shi."

Takaici ya kama Yusufu. Ɗigo ɗaya ya ɗiba a kan yatsa aka ce ya tsotse ta, ga sakaina guda a ƙasa ƙudaje suna biki, wannan kuma sunansa magani.

Lauratu ta ɗago kai da ƙyar. Leɓunanta sun yi fari, tafin hannunta kamar an shafa toka. "Malam Yusufu," ta ce a hankali, "na ce musu ba na so."

Ana haka Malam Mudi ya shigo daga gona da fartanya a kafaɗa. Mutum ne mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya, kuma tun suna yara bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba. Ya buɗe baki zai yi wa Yusufu faɗa ke nan, Lauratu ta yunƙura don ta rufe jikinta. Ba ta kai ga miƙewa ba ta kife, ƙahoni suka zube a ƙasa, jini ya biyo bayanta layi-layi.

Aka yayyafa mata ruwa ba ta motsa ba.

Malam Mudi ya yar da fartanya. "Yusufu, yaya za a yi?"

Yau ne ya fara kiran sunansa.

*

Wata lori mai ɗauke da gishiri daga Kano ce ta kai su Malumfashi, har da Gwaggo da Jibo. Ranar Lahadi ce, sai da aka je gida aka taso Likita, wani dattijo ɗan Indiya mai 'yar Hausa kaɗan. Ya sa aka tayar da injin wuta, aka kwantar da Lauratu a ɗakin mata.

Yusufu ya wanke yatsanta ya soka allura. Jinin da ya fito tsararo ne, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ya ɗora siririn gilashi, wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, jinin ya hau ciki. Ya toshe gindinsa da danƙo, ya ruga ɗakin awo, ya kwantar da shi a cikin injin juya jini ya rufe murfi.

Minti biyar injin yake yi yana ƙugi. A cikin minti biyar ɗin nan Yusufu ya karanta duk addu'ar da ya sani.

Da injin ya tsaya ya ciro gilashin. Jinin ya rabu biyu yadda ya saba, jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya tsaya a sama. Ya ɗora shi a kan katin awo mai layuka daga ɗaya zuwa ɗari, ya daidaita gindi da kai, ya bi iyakar jan da ido.

Goma sha huɗu.

Ya ce a ransa idonsa ne ya yaudare shi. Ya sake ɗorawa, ya sake dubawa. Lambar ba ta motsa ba.

Likita ya dubi gilashin, ya saurari ƙirjin Lauratu, ya danna ƙafarta da ta kumbura, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ce zuciyarta ta gaji da gudu, in ba a ƙara mata jini yau ba, ba ya ɗaukar alkawarin gobe. Asibitin ba shi da wurin ajiye jini. Sai wani ya kwanta an ɗiba a jikinsa.

Yusufu ya kira Malam Mudi da Gwaggo da Jibo ɗakin awo. Gwaggo ta naɗe hannuwanta cikin mayafi ta ce ko gawarta ba za a soka wa allurar nan ba. Malam Mudi ya miƙa yatsa ba musu. Jibo ma ya miƙa yana dariya, don a ga shi namiji ne.

Bayan injin ya gama, Yusufu ya jera gilasai uku a kan farar takarda.

"Baba, kun san gasarar koko," ya ce. "In an tace an bar ta, ƙullu yakan kwanta a ƙasa, ruwa ya hau sama. Haka jini yake. Jan nan na ƙasa shi ne ƙarfin mutum, shi muke aunawa. Ga naku, talatin da ɗaya, ku ma kuna bukatar magani, Likita ba zai taɓa ku ba. Ga na Lauratu."

Malam Mudi ya sunkuya. Jan da ke gindin gilashin bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, sauran duk ruwa ne.

Gwaggo ta leƙo ta bayan ƙaninta. "To ga shi nan ai. Wannan ruwan ɗorawar ciwon shawara ne. Da an bar Jibo ya ƙarasa aikinsa da ya zuƙe ta tas."

"Kowa yana da ruwan nan, Gwaggo. Ba shi ne ciwon ba, ƙarancin jan ne ciwon. Dubi na Jibo." Ya nuna na ukun, wanda jansa ya kai kusan rabi. "Arba'in da takwas. Na kuma gwada, irin jininsa ya dace da nata. Kwalba ɗaya za a ɗiba, ko jiri ba zai ji ba."

Duk suka juya suka dubi Jibo.

Idon Jibo yana kan tebur, inda ma'aikaciyar jinya ta ajiye kwalbar ɗibar jini da doguwar roba da allura mai kauri. Mutumin da kullum yake tsaga fatar mutane yana tauna goro, yau gumi ne yake tsattsafo masa a hanci. Ya haɗiye yawu, ya gyara hula, ya sake gyarawa.

"Baba," ya ce, "ni da a ce ƙanwata ce, wallahi ko kwalba goma a ɗiba. Amma ni aurenta nake nema."

"To sai me?" in ji Yusufu.

"Kai ba za ka sani ba, tunda shigowa addinin ka yi." Muryar Jibo ta fara ƙarfi, don ya ga ya sami mafita. "Nono ma da yake fari, in yara biyu suka sha ɗaya aure ya haramta. To balle jini? In jinina da nata suka haɗu a jiki ɗaya, ai mun zama wa da ƙanwa. So kake ka raba ni da ita ta bayan gida, na gane ka."

"Gaskiyarka, ɗan albarka," Gwaggo ta karɓe. "Ka ji mai hankali."

Babu littafin da aka buɗe, babu malamin da aka tambaya. Tsoron allura ne ya haifi wannan hukunci a tsaye, tsohuwa ta yi masa wanka ta goya, shi ke nan ya zama doka. Babu abin ƙyama irin ragon da ya ɓuya a bayan addini.

Yusufu ya ɗauko sabon gilashi. Ya soka wa kansa allura, ya cika gilashi, ya kunna inji. Bayan minti biyar ya ɗora shi a kan kati.

"Arba'in da biyar," ya ce. "Irin jinina kuma yana shiga jikin kowa. Ni zan bayar."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Jinin gidan Baƙo? Jinin masu cin mushe da shan burkutu a jikin jikar Alhaji mahaifinmu? Tir. Gara a mai da ita gida ta mutu da tsarkinta."

Jibo ya matsa ya raɗa mata magana a kunne. Yusufu yana kallo fuskar tsohuwar ta sauya, yamutsewar ta baje, har wani ɗan murmushi ya ɓullo.

"Ko da yake," ta ce, tana gyara mayafi, "ceton rai ya fi komai. Ai yaron musulmi ne, kowa ya shaida. Mudi, a bar shi ya bayar, Allah ya ba shi lada. Sai dai ka faɗa a gaban shaidu, don kada gobe a zo ana wata magana."

Yusufu ya durƙusa a gaban Malam Mudi. "Baba, ku yi wa Allah ku dakata. A tambayi Malam Abdussamad limaminku. Ni ban taɓa jin wannan hukunci ba."

Malam Mudi ya dubi yayarsa, ya dubi gilashin 'yarsa. Ya gaji, yana tsoro, kuma ga hanya ta samu da zai tsira da 'ya ba tare da ya ɓata wa Kulu rai ba.

"Likita ya ce yau, liman kuwa yana Dayi," ya ce. "Na rantse da Allah, duk wanda jininsa ya haɗu da na Lauratu a jiki ɗaya, ba zan ɗaura masa aure da ita ba. In ka ga za ka iya a haka, bismilla."

*

Lauratu ta farfaɗo. Gwaggo ta riga kowa zuwa bakin gadonta ta zayyana mata komai, har da ƙari, sannan ta fita alwala.

Da Yusufu ya shigo ya tarar hawaye yana gangara mata zuwa cikin kunne, ba ta da ƙarfin sharewa.

"Kada ka bayar," ta ce.

"Lauratu."

"Na ce kada ka bayar. Wata huɗu ina shan zagi a gidan nan saboda kai. An ce na zubar da mutuncin gida, an ce asiri ka yi mini. Gwaggo ta daina cin tuwon da na tuƙa. Duk na haɗiye, ina cewa wata rana zai wuce. Yanzu da hannunka za ka rufe ƙofar?"

Ya zauna a kan benci, ya kasa haɗa ido da ita. "In ban bayar ba, wa zan aura? Kabari?"

"A jira gobe. A aika wa Malam Abdussamad."

"Ba ki da gobe in ba jini. Ni na auna, ni na karanta. Da wani ne ya auna da na ce ya yi kuskure."

"To ka ce ashirin ne. Wa ya iya karanta katin nan in ba kai ba? Ka gaya wa Likita ka sake dubawa ka ga ashirin, a ba ni ƙwayoyi, wallahi zan sha ko guda ɗari ne."

Maganar ta soke shi. Ya san da zai iya. Shi kaɗai ne a ɗakin awo, babu mai duba bayansa.

"Ko na rubuta ashirin, zuciyarki goma sha huɗu ta sani," ya ce. "Ban taɓa yi wa katin nan ƙarya ba, ba kuma a kanki zan fara ba."

Ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suna rawa, tabon aska jere a kansu, wasu har sun fara ruwa.

"Ka san abin da za su yi," ta ce. "Ina miƙewa za su kawo mini wancan mai warin bakin. In ya kafa mini ƙaho numfashinsa nake ji a wuyana, tsigar jikina tana tashi. Ka cece ni don ka miƙa masa?"

"Ke bazawara ce, ba mai ɗaura miki aure sai da yardarki."

"Haka ake faɗa. Kai ba ka zauna da Gwaggo ba."

Hawayen da yake riƙewa tun safe suka zubo. "Ki tsane ni in kina so, Lauratu. Ki tsane ni kina raye, kina tafiya da ƙafarki, kina zuwa rijiya. Na yarda da wannan."

Can ta ce, "Ban yafe maka ba."

"Na ji."

Bayan la'asar ya kwanta a gadon ɗakin awo, Likita ya soka masa allurar da ta sa Jibo gumi. Yana kallo kwalbar ta cika. Aka rataye ta a kan gadon Lauratu, jinin yana sauka ɗigo-ɗigo a hankali, don kada ya yi wa zuciyarta nauyi. Jibo kuwa tuni ya bi wata mota ya koma Dayi, wai yana da askin suna da sassafe.

*

Da hantsi washegari Yusufu ya zo da allura da gilashinsa. Lauratu ta miƙa yatsa ba ta dube shi ba. Ya tafi ya dawo da gilashin a kan kati.

"Goma sha takwas," ya gaya wa Malam Mudi. "Ba lafiya ba ce tukuna, amma zuciyarta ta sami sauƙi. In ta sha maganin tsutsa da ƙwayoyin nan wata uku, ba ƙaho, ba tsaga, za ta haura talatin."

"Alhamdu lillahi." Malam Mudi ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Daga yau gidana gidanka ne, ka shiga har ɗaka. Kai yayanta ne."

Wata huɗu ana korar Yusufu daga zaure, yau an ba shi har ɗaka, tunda an tabbata ba abin da zai ɗauka a ciki.

Sai ga Jibo ya yi sallama, ya sha farar riga da hula zanna, da ƙwaryar goro a hannu. Ya durƙusa ya gai da Malam Mudi, ya ajiye goron a gefen gado.

"Na dubiya ne," in ji Gwaggo, bakinta har kunne. "Na gaisuwar iyaye yana tafe in an koma gida. Yusufu, tunda kai ne babban wa, ai kai za ka raba."

Lauratu ta dafa gado ta tashi zaune. Ma'aikaciyar jinya ta matso za ta taimaka mata, ta ɗaga mata hannu.

"Baba, ina da tambaya."

"Ki kwanta ki huta, uwata."

"Na huta. Jiya me kuka rantse a kai? Ina so in ji da kunnena."

Malam Mudi ya yi gyaran murya. "Na ce duk wanda jininsa ya haɗu da naki a jiki ɗaya, ba zan ɗaura masa aure da ke ba."

"Saboda jini kamar nono ne."

"Haka Jibo ya ce."

"To, Baba, nono ta ina ake shansa?"

Ta juya ta dubi Jibo, karo na farko tun shigowarsa, irin kallon da ake yi wa abin da aka tako a hanya.

"Jibo, sau huɗu ka yi mini ƙaho, kowane zuwa ƙaho shida. Sau nawa jinina ya shiga bakinka? Sau nawa ka tofar? Ina jin ƙarar maƙogwaronka a bayan kunnena kana haɗiyewa da goro. Jiya ma Malam Yusufu ya gani. Gwaggo, kina zaune kina kaɗi, ke ma kin gani, har kika ce masa ya goge gemunsa."

Jibo ya kai hannu baki bai sani ba. "Wannan ai sana'a ce. Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Nasa ta roba ya shigo jikina don in rayu. Nawa ta baki ya shiga cikinka, sati uku kana sha ina ƙarewa. In jini yana haramta aure, kai ka riga shi zama yayana." Numfashinta ya sarƙe, ta tsaya ta huta, sannan ta dubi mahaifinta. "Baba, ko dai su biyun duk yayyena ne, in zauna a ɗakina har in tsufa, ko kuma babu yayana a cikinsu. Ku zaɓa, duk wanda kuka zaɓa na bi."

Wata tsohuwa da ke gadon kusa ta ce, "Ikon Allah," ta ja bargo ta rufe baki.

"Rashin kunya," in ji Gwaggo. "Ka gani ko, Mudi? Kwana ɗaya da jinin arna a jikinta, ga abin da ya fara."

Malam Mudi bai dube ta ba. Bakin Jibo yake kallo, jan goro ya taru a gefensa, sai fuskar dattijon ta yamutse kamar ya shaƙi wari. Ya mai da ido kan gilashin da ke hannun Yusufu, inda jan ya ɗan ɗaga sama da na jiya.

"Jibo, ɗauki goronka," ya ce.

"Baba, ai maganar..."

"Ɗauki goronka. Jakar askarka kuma kada ta ƙara shiga zaurena."

Jibo ya sunkuci ƙwaryar ya fita, goro biyu suka faɗo suka gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya ɗauka.

Malam Mudi ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Yaya Kulu, in mun koma gida a auna dawa ta cin mutum goma, a kai wa mabukata."

"Ta mece ce?"

"Kaffara. Na yi rantsuwa a kan maganar matsoraci."

Gwaggo ta miƙe tsaye, mayafinta yana zamewa. "Wallahi in ka ba ɗan Baƙo 'yar nan, sai dai ka nemi wata yayar. Ƙafata ba za ta ƙara taka gidanka ba." Ta tsaya tana jira ya ba ta haƙuri kamar yadda ya saba shekara hamsin. Da ta ga bai ɗago ba, ta figi buta ta fice.

Yusufu ya durƙusa da gilashin a hannunsa. "Baba..."

"Tashi," in ji Malam Mudi. "Ban ce na ba ka ba. Na dai ce ba ƙanwarka ba ce."

Lauratu ta koma ta kwanta, ta rufe ido. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai miƙo tafin hannunta ta gefen gado ta ce, "Malam Yusufu, ina ƙwayoyin nan? Ba ni na yau."